Wane Garba kaka biɗa? Waiwaye kan neman mutum a cikin takardun tarihi

Wanda ya tashi a Garu, a ƙasar Illela, Birnin Ƙonni ya fi masa kusa da birnin Sakkwato nesa ba kusa ba. Kaka tana can, jikoki suna nan. A ɗaura aure a wannan ɓangare, a yi suna a wancan. A irin wannan gida na tarar da wani saurayi, waya a hannu, yana neman labarin kakan mahaifinsa, wanda aka ce ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Ya buɗe wani shafin intanet mai ɗauke da bayanan tsofaffin sojoji, shafin ya tare shi da gurabe uku: sunan iyali, sunan farko, shekarar haihuwa. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wanne zan sa?" Sunan yanka na tsohon Abubakar ne, a gida Garba ake ce masa, matarsa ba ta taɓa kama ko ɗaya cikin biyun ba har ta koma ga Allah, sunan da aka rubuta a bariki kuwa sai Allah. Haihuwa an ce kafin yunwar Kakalaba ce. Duk abin da yaron ya sani, babu gurbin da zai ɗauke shi.

Masu harkar kwamfuta suna kiran wannan wuri fuskar shafi: abin da mai nema yake fara gani, inda zai rubuta, inda zai danna, da yadda amsa za ta jeru a gabansa. Ni dai zaure nake ganinsa. Duk inda aka ajiye tarihin mutane akwai inda baƙo yake sallama a tambaye shi wa yake nema. Aikin ya daɗe a ƙasar nan, ya kuma sauya kama sau da yawa kafin ya shigo wayar yaron nan.

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen tarihin mutane da ke hannunmu, a kan Ƙonni ya kafa asali. A 1812 Abdullahin Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi, ƙaramin littafin da ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, ya kuma faɗi cewa kakansu Musa Jokollo ne ya taso da Toronkawa daga Futa Toro ya sauka a ƙasar Ƙonni. A Maratta, gabas da Ƙonni cikin Nijar ta yau, aka haifi Shehu Usmanu a 1754, kafin zama ya koma Degel. Malaman littafin ba bisa harafi aka jera su ba. Tafiyar karatun mai littafin aka bi: Alƙur'ani a wurin mahaifi, yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi ga yayansa Shehu, sai kawunnai da baffanni, sai Malam Jibrilu ɗan Umaru. In kana neman malami a ciki, ta hannun almajirinsa za ka riske shi. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri na wannan shekarar, ƙasa-ƙasa ya bi, malaman kowace ƙasa suna ƙarƙashinta. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima kuma, a Raudul Jinan, rukuni-rukuni ya jera mutanen Shehu, gwargwadon kusancinsu da shi da hidimar da suke yi masa. Duk ukun sun ɗauka cewa mutum ana saninsa ne da wanda ya haife shi, wanda ya karantar da shi, da inda ya zauna.

Shi kansa littafin yana da nasa alamomin hanya. Warƙoƙi ne a sake, babu ɗinki, babu lambar shafi. A ƙasan kowace warƙa magatakarda ya kan sa kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita, don in iska ta watsa su a iya maido da kowace mazauninta. Kan babi da muhimman kalmomi da jan tawada, ido ya faɗa musu kafin ya karanta. A haɗa a tadarishi, a sa a gafaka, a rataye. Wanda ya taɓa ganin malami yana lalubo suna ɗaya a cikin warƙa ɗari uku da ɗan yatsa, cikin ƙiftawar ido, ya san wannan tsari ba na wasa ba ne.

Jeri bisa harafi ma an san shi. Ahmad Baba na Tumbutu ya kammala Nailul Ibtihaji a 1596 yana tsare a Marrakesh, ya jera malaman Malikiyya bisa harafin farko na sunan yanka, har da waɗanda suka zauna a Kano da Katsina. Matsalarsa ita ce tamu ta yau: babin masu suna Muhammadu ya kumbura, sai ka san uba da kaka kafin ka bambance wannan da wancan. Ga kuma saɓanin littafi da gari. Malamin da littattafai ke kira Ibn Sabbag, Katsinawa Ɗan Marina suka sani. Ma'ana ɗaya ce, amma ba da harafi ɗaya suka fara ba, sai dai mutumin da ya san harsunan biyu ya haɗa.

Mata ta wata ƙofa suka shiga. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyyoyi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ba na manyan gidansu kaɗai ba, har da na matan da ba su riƙe wata sarauta ba, ta faɗi halinsu da abin da suka yi wa jama'a. 'Yan Taru suka haddace suka kai ƙauyuka. Tarihin nan ta kunne ake shigarsa, kuma da ba don shi ba da sunayen da yawa sun bi iska.

Kada son da ya rufe mana ido. Tsarin ya yi aiki ne saboda kullum akwai mutum a tsakanin mai nema da takarda, mutumin kuwa yana da wanda yake buɗe wa gafaka da wanda yake ce wa a dawo gobe. Manomi da bafatake da bawa ba su cika shiga waɗannan littattafai ba, balle su zo nema.

Sai Turawa suka zo da layi. A watan Mayun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Ƙonni. Ranar 15 ga Maris 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Tsakanin 1906 da 1908 Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka daga Kwara har tafkin Cadi, Ƙonni ta faɗa wancan hannu, Illela wannan. Tafintan ayarin Tilho, Landeroin, ya zauna da dattawa ya rubuta jerin sarakuna da labaran garuruwa, aka buga a Faransa. Daga nan tarihin dangi ɗaya ya rabu gida biyu, da harshe biyu, da ƙa'idar rubutu biyu. Usmanu ya zama Ousmane, Mamman ya zama Mamane, A'ishatu ta zama Aïchatou, garin kansa ya zama Birni N'Konni a taswira alhali bakin mutane yana cewa Ƙonni ko Kwanni. Takardun wannan hannu suka taru a Sakkwato da Kaduna da Landan, na wancan a Yamai da Dakar da Aix-en-Provence.

Zauren Bature fayil ne, fayil kuwa ofis yake bi, ba mutum ba. Takardun lardin Sakkwato da ke ma'adanar ƙasa ta Kaduna suna ƙarƙashin alamar SOKPROF, kowanne da lambarsa da kan maganarsa: ƙiyasin haraji, rikicin iyaka, naɗin hakimi, jangali. Hakimai da dagatai sun samu shiga, har da bishiyar asalinsu a littattafan gunduma. Talaka sai ya yi ƙara, ko an yi ƙararsa, ko ya shiga soja, sannan alƙalami ya taɓa shi. Mai neman kakansa a nan sai ya fara tambayar kansa: wane ofishi ne zai damu da wannan bawan Allah, a wace shekara, a kan wane dalili?

A wannan zamani ne kuma aka shigo da gurbin da ya tsayar da yaron Garu, wato sunan iyali. Rajistar makaranta da ta bariki suna son suna biyu, Bahaushe kuwa yana jin nauyin a riƙa kiran sunan mahaifinsa gatsau a filin fareti ko a aji. Sai aka ɗauki sunan gari. Sardauna, Ahmadu Raba ne a makaranta kafin ya zama Ahmadu Bello. Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk haka. Shehu Shagari ya fi kowa nuna abin: sunansa na yanka Usmanu, Shehu alkunya ce da ake yi wa mai sunan Mujaddadi, Shagari kuma gari ne, don haka a sunan da duniya ta san shi da shi babu sunan yanka, babu na uba. Soja kuwa sau da yawa babban garin lardinsa ake liƙa masa, mutumin ƙauyen Illela ya wayi gari sunansa wane Sakkwato. Shi ma Fodiyo da ake sakawa a gurbin sunan iyalin Shehu, laƙabin mahaifinsa ne, malami da Fulatanci. Sunan mahaifin Muhammadu. Giɗaɗo ma laƙabi ne, Usmanu ne sunansa. Can hannun Faransa an fi mu gaskiya a kan abu ɗaya: in ba a san ranar haihuwa ba sai a rubuta "né vers", wato an haife shi wajejen shekara kaza. Mu a nan sai muka ɗora wa ɗaya ga Janairu.

Tattara takardu da gangan don masu bincike ya kankama ne a shekarun 1950. Kenneth Dike ya kafa ofishin adana takardun Nijeriya a 1954, reshen Kaduna ya biyo baya. Kensdale ya fitar da fihirisar littattafan Larabci na jami'ar Ibadan. A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa ƙarƙashin Abdullahi Smith, John Hunwick kuma ya buɗe cibiyar adana rubutun Larabci a Ibadan, ana ɗaukar littattafai a maikurofim ana maido wa masu su. Gidan Sardauna na Kaduna ya zama Arewa House a farkon shekarun 1970. A Yamai, littattafan da Boubou Hama ya tara suka zama harsashin ma'adanar IRSH. Amma duk da katuna da fihirisa, wanda yake son sanin wane ne wane a daular Sakkwato, gidan Waziri Junaidu yake nufa. Murray Last a can ya zauna a farkon shekarun 1960, littafinsa na 1967 a kan daular daga ɗakin karatun Waziri da bayaninsa ya sha ruwa. Waziri, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa a 1997, yana da abin da kati ba shi da shi: in ka kawo suna zai tambaye ka ɗan wa, na wane zamani, na wane gida, ya gaya maka akwai masu wannan suna uku, ga wanda kake nufi. Hukumar tarihi da al'adu ta jihar Sakkwato sunansa take amsawa a yau, ya kuwa cancanta.

A ganina, takarda ba ta taɓa kusantar wannan gwaninta ba kamar a 1995, lokacin da Hunwick, tare da Hamidu Bobboyi da Muhammad Sani Umar da wasu, suka fitar da juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa. Kowane marubuci da cikakkiyar nasabarsa, laƙabinsa, shekarunsa da Hijiriyya da Miladiyya, littattafansa, da ma'adanar da kowane kwafi yake. Aiki ne na a jinjina. Sai dai mashigarsa sunan Larabci ce da baƙaƙen boko masu ɗigo a ƙasa da layi a sama, bugun Leiden ne, tsadarsa kuma ta sa ko a jami'o'inmu ba kowane ɗalibi ya taɓa riƙe shi ba.

Kwamfuta ta shigo ta hannun Charles Stewart na jami'ar Illinois, wanda a ƙarshen shekarun 1980 ya fara rumbun bayanai na AMMS da littattafan Butilimit a Muritaniya, daga baya aka ƙara na Yamai da Tumbutu, da na Kano da ke jami'ar Northwestern, inda tarin littattafan Malam Umaru Falke yake. Ana iya nema da baƙaƙen Larabci ko na boko, babban ci gaba ne a lokacin. Hausa kuwa ta sha wuya a hannun na'ura. Baƙaƙen ɓ, ɗ da ƙ da hukumar talifi ta Zariya ta zaunar da su a shekarun 1930 sun daɗe suna fitowa a allo kamar ƙananan akwatuna, sai kowa ya nemi dabararsa, wani ya sa waƙafi a gaba, wani a baya, wani ya bar harafin tsirara. Na'ura kuwa a wurinta Ɗan da Dan mutum biyu ne. Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, ga ƙarin rabuwa a kan harafi ɗaya. Ajami ya fi jira: fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, irin na allon Warshu da kowane almajiri ya sani, sai a 2016 aka ba su gurbin kansu a tsarin Unicode.

Daga nan hotuna suka yi ambaliya. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na British Library, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki nauyin aikin Mohammed Bashir Salau na ɗaukar hoton takardun Kaduna. A jami'ar Boston, Fallou Ngom da Mustapha Hashim Kurfi sun sa rubuce-rubucen ajamin Hausa a intanet. Yau mutum yana Garu zai ga warƙar da da sai ya yi kuɗin mota zuwa Kaduna. Alheri ne babba. Amma hoto hoto ne, akwatin bincike ba ya ganin sunan da ke cikinsa, sai abin da aka rubuta a bayanin fayil, da Turanci. Wato tsarin ofishin Bature ne aka ɗauko da lambobinsa aka ɗora a allo. Shafin Mémoire des hommes na Faransa, da aka buɗe a 2003 da katunan mamatan yaƙin duniya na farko sama da miliyan ɗaya, ya fi kusa da neman mutum da suna, akwai kuma sojojin Afirka a ciki, amma sai ka yi tunanin yadda kunnen magatakardan Bafaranshe zai ji sunan kakanka kafin ka rubuta. Wani abin ma babu gyaran fuska da zai magance shi: a 2021 hukumar kula da kaburburan sojojin Commonwealth ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a wancan yaƙi, akasarinsu daga gabashin Afirka da Masar, ba a tuna da su da suna ba.

To, in yau za a gina shafin tarihin mutanen Illela da Gwadabawa da Ƙonni, ina za a fara? Ni da tambayar tsofaffi zan fara. Ka je kowace majalisa a Garu ka ce kana neman Garba, za a ce maka, "Wane Garba kaka biɗa? Ɗan wa na?" Shafi ma haka ya kamata ya yi: gurbi ɗaya, ka rubuta abin da ka sani yadda ka san shi, shi kuma ya san Garba da Buba da Habu da Boubacar duk Abubakar ne, Sanda Umaru ne, Indo A'ishatu ce, Dije Hadiza, ya daina damuwa da lanƙwasar ɗ a wajen nema amma ya nuna ta daidai a wajen amsa. Sa'annan ya tambaye ka uba, gari, malami, sana'a, har a rage taron. Dabarar ba gagara ba ce. Wikidata tun 2012 take ba kowane mutum lamba ɗaya ta rataya masa duk sunayensa da kowane harshe. Abin da babu shi ne wanda zai zauna ya shigar da sanin da ke kan dattawanmu, aikin da ba ya burge mai ba da tallafi kamar ɗaukar hoto dubu goma.

Lokaci ma haka. A bar mutum ya zaɓi "kafin Kakalaba", ko "shekarar da aka kashe Sardauna", ko "lokacin canjin kuɗi", ko "yunwar Buhari", shafi ya mayar da su wajejen 1914, 1966, 1973 da 1984 da kansa, ya karɓi Hijiriyya, ya kuma yarda da "wajejen". Wuri kuwa sai an yi hattara: akwai Illela ta Sakkwato, akwai Illela ta jihar Tawa a Nijar, ba a maganar Tudun Wada da Sabon Gari da suka cika ƙasa. Kuma kowane bayani ya zo da wanda ya faɗe shi, fayil ne, ko littafi, ko bakin wata tsohuwa a shekara kaza. Malamanmu isnadi suke ce wa wannan, ba sabon abu ne za a koya mana ba. In riwaya biyu sun saɓa, a ajiye su gefe da gefe. Magada sarauta sun san dalili.

Ga wani abu da masu zane daga nesa ba sa hangowa. Cikin takardun kotunan farkon mulkin Turawa akwai rajistar bayin da aka 'yanta, da sunayensu da na iyayengijinsu. Lovejoy da Hogendorn sun yi aiki da irinsu a littafinsu na 1993. Ga masanin tarihi dukiya ce. A garin da har gobe ake binciken asali kafin a ba da aure, abu ne da zai iya rushe baiko. Waziri a zaurensa ya san abin da ake faɗa a bainar jama'a da wanda ake jan mutum gefe. Ba na goyon bayan a ɓoye takarda, amma ban ga hikimar a ce da rubuta sunan gida sai wannan ya fara faɗowa a allo ba, kuma hukuncin abin da zai fito fili bai kamata a yanke shi a Landan ko Boston ba tare da mutanen da sunan kakanninsu ke ciki ba.

Saura na'urar da za a buɗe shafin da ita. Ba kwamfutar ofis ba ce, ƙaramar waya ce mai tsagaggen gilashi, data ta naira ɗari biyu, sabis yana tsalle tsakanin layin Nijeriya da na Nijar. Hoton warƙa mai nauyi ba zai buɗe ba, sai a fara da rubutu a bar hoto ga wanda ya nema. Da yawan masu ilimin da ake buƙata ba sa karanta boko, wasu ajami suke karantawa, wasu murya kaɗai suke aikawa a WhatsApp, don haka maɓallin saurare da na ɗaukar murya ba ado ba ne.

Yaron nan ma a ƙarshe muryar ya koma. Ya gwada Garba Sokoto, sunaye suka zubo masa, babu wanda zai iya rantsewa nasa ne. Sai ya aika wa wata gwaggon babansa da ke aure a Ƙonni saƙo. Bayan la'asar amsa ta zo, minti huɗu, rabi gaisuwa: ta ce ai ba da Garba ya shiga soja ba, da sunan wansa ya shiga, domin wan aka rubuta shi kuma ya tafi a madadinsa, ta faɗi sunan, ta faɗi ƙauyen da aka ɗebe su. Yaron ya sake buɗe shafin, ya rubuta sunan wan a gurbin sunan farko, ya tsaya yana kallon gurbin sunan iyali, ƙauyen zai sa ko Sakkwato.